Hanyoyin Burji Da Haƙƙinsu A Baitulmali

Duk wanda ya bi titin kwalta da ya taso daga Funtua, ya ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu zuwa Sakkwato, zai yi zaton sha'anin hanya ya daidaita, alhali kuwa maslahar talakawa tana ga hanyoyin burjin da suka ɓalle daga gare shi, waɗanda ta kansu ne hatsi yake fitowa kasuwa, mai naƙuda take isa asibiti, jami'an tsaro kuma, a wannan zamani na fitina, suke kai ɗauki.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran irin waɗannan hanyoyi da magudanansu, aka kuma yanka musu kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. Sai dai kuɗin ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci ran 11 ga Yuli, 2024, cewa a miƙa musu haƙƙinsu hannu da hannu.

A ganina, wajibi ne kowace majalisar ƙaramar hukuma ta keɓe kaso sananne domin gyara kaɗai, ta bayyana shi ga jama'a, domin hanyar burji ba ta bukatar bikin buɗewa, illa a zuba marmara, gireda ta baje, a yashe kwalbatoci kafin ruwan Agusta, wanda in ya sami kwalbati a toshe, hanyar yake ci.