"Tsoho" ba zagi ba ne, amma ka san inda za ka faɗe shi

1/ Hutun da ya wuce Baba ya nemi wayarsa a gida ya rasa, sai ya karɓi tawa ya danna lambarsa. Sunan da ya fito: "Tsoho". Ya dube ni, ya miƙo min wayar, bai ce uffan ba. Wallahi gara a ce faɗa ya yi. Tun ranar kalmar nan ta tsaya min a rai. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da furuci. "Ts" sauti ɗaya ne, ba t da s ba, kuma da ɗan matse maƙogwaro yake fita, kamar a tsaya, tsoro, tsinke. Wasulan biyu dogaye ne, murya a sama: tsoo-hoo. In ka ji "soho", to ɗan koyo ne.

3/ Namiji tsoho, mace tsohuwa, jam'i tsofaffi ko tsoffi. Tushensu ɗaya da "tsufa". F ɗin ce ta koma h a tsoho, ta sake dawowa a tsofaffi.

4/ Ba kullum take nufin yawan shekaru ba. Lokacin da aka hamɓarar da Yakubu Gowon a 1975 shekararsa 40, amma tun ranar ya zama tsohon shugaban ƙasa. Kai ma tsohuwar budurwarka wataƙila ko 22 ba ta cika ba.

5/ Inda ka ajiye kalmar ma yana sauya zance. "Tsohon malami" zai iya zama wanda ya bar koyarwa. "Malami tsoho" kuwa mai furfura ne, ba tantama.

6/ Yanzu ku duba. Tsohon hannu yabo ne, wanda ya goge a aiki. Da tsohuwar zuma ake magani. Mai tsohon ciki kowa lallaɓa ta yake. Amma tsohon banza da tsohon najadu zagi ne. Kun ga ashe dafin ba a "tsoho" yake ba, a abin da aka jingina masa ne.

7/ Abokaina suka ce ai "tsohona" da "tsohuwata" ƙauna ce, haka kowa ke faɗa a makaranta. Na yarda, ni ma da ƙauna na rubuta. Amma mu muka san haka. Shi abin da ya gani, ɗan da yake biya wa kuɗin makaranta ya cire masa sunan uba.

8/ Kaka ce za ka ce wa "ke tsohuwa" ta yi dariya ta rama, don akwai wasa tsakaninku. Uba ba abokin wasa ba ne. Wanda ba ka sani ba kuma, ga baba, ga dattijo, ga malam.

9/ Abin da ya fi damuna shi ne nan dandalin. Babba ya faɗi ra'ayin da bai mana daɗi ba, maimakon hujja sai "tsoho, je ka huta". Mun mai da shekaru laifi, alhali kullum addu'armu Allah Ya ja kwana.

10/ Ni dai na mayar da sunan "Baba" a daren. Bai ƙara tada maganar ba, ni ma ban iya ba. Ku fa, wane suna kuka sa wa iyayenku a waya? Za ku iya nuna musu?