Tsofaffin Gidajen Sabon Gari Da Samaru Sun Fi Ƙarfin Kuɗin Fili

Dillalan gidaje a Sabon Garin Zariya suna da wata magana da suke yi wa mai saye idan suka kai shi gaban tsohon gida: "Alhaji, kada ka dubi ginin, fili za ka saya." Daga nan sai a auna tsawo da faɗi, a duba ko bakin titi ne, a ƙiyasta shaguna nawa za su fito. Ba mai ɗaga kai ya dubi ƙyauren katakon da ya ci damina tamanin bai ruɓe ba, ko dogayen tagogin da iska ke ratsawa, ko shekarar ginin da aka zana a goshin gidan. Kafin damina ta zagayo an sauke kwano, guduma ta shiga, motar bulo ta iso.

Abin da ake rushewa ba ƙaramin abu ba ne. Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Jos, wani kuma zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, garin ya zama mahaɗa. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin Turawa, har yau ana kiran wata unguwa PZ da sunan ɗaya daga cikinsu. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da Nufawa da Kwarori da Hausawa, kowa ya gina irin nasa: benaye masu kanti a ƙasa da iyali a sama, dogayen gidajen haya masu ɗakuna suna kallon juna, da kwatas na reluwe masu faffaɗar baranda. Wanda ya iya karatun gini zai karanta tarihin zaman tare a jikin waɗannan bangaye.

Samaru kuwa ilimi ne ya raya ta. An buɗe tashar binciken aikin gona a 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962. Gidajen malamai na cikin jami'a sun tsira domin ba na sayarwa ba ne, kuma har yanzu suna nuna yadda ake gini da la'akari da zafin Arewa: rufi can sama, baranda tana tare rana, itatuwa sun kewaye. Na cikin gari ne ke ƙarewa. Ɗalibai dubbai na neman wurin kwana, don haka gidan da ke da zaure da tsakar gida da bishiyar mangwaro ya fi riba idan aka baje shi aka jera ɗakunan haya ashirin.

Bai kamata a zargi masu sayarwa ba. Mafi yawansu magada ne. Uba ya rasu ya bar gida ɗaya da 'ya'ya goma sha biyu, wasu a Kaduna, wasu a Legas, akwai marayu da ke jiran kuɗin makaranta, kuma rabon gado haƙƙi ne da ba a jinkirta shi don sha'awar tarihi. Ginin ƙasa ma yana son yaɓe a kai a kai, azara ta yi tsada, maginan da suka san haɗin makuba sun yi ƙaranci. Matsalar ita ce kasuwar ba ta da mai saye sai iri ɗaya, wato mai neman fili.

Abin da ya fi ciwo shi ne a Zariya ake wannan. Nan ne garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizon da masana gini na duniya ke zuwa kallo. Zbigniew Dmochowski, mutumin Poland, ya auna shi ya zana, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana bin gidajen Zariya yana ɗaukar hoton zanen bangonsu, ya fitar da littafi a kai a 2007. Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, ginin ƙasa na 1929, yana nan tsaye domin an sami masu kula da shi. Ga kuma sashen koyar da zanen gine-gine na jami'a a Samaru, wanda ke cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, tafiyar 'yan mintuna daga gidajen da ake rushewa.

Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ba da damar kare gini, amma hankalinta ya fi karkata ga ganuwa da fadoji da masallatai. Gidan ɗan kasuwa ko na direban jirgi ba ya shiga lissafi. Ba kuma kowane tsohon gida ne ya cancanci a tsaya masa ba, wasu kufai ne kawai. Sai dai ba za a iya tantancewa ba tunda ba a ƙidaya ba.

Daga nan ya kamata a fara. Ɗaliban zanen gini su bi layi-layi su auna, su ɗauki hoto, su rubuta tarihin kowane gida daga bakin dattawan unguwa, a ware talatin ko arba'in da suka fi daraja. Hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna ta sa sharaɗin sanarwa kafin a taɓa ɗaya daga cikinsu, wanda ya riƙe nasa kuma a sassauta masa harajin ƙasa. Sannan a samar wa magada mai saye na biyu. Gidan Ɗan Hausa a Kano ya rayu ne saboda an ba shi aikin yi. Tsohon bene a Sabon Gari zai iya zama masaukin baƙi, ko ɗakin karatu, ko asibitin sha-ka-tafi, yana biyan kuɗin gyaran kansa.

Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna ko'ina, a bankuna da majalisu da manyan kamfanoni, kuma da yawansu a waɗannan gidaje suka yi zaman haya. Su da attajiran Zazzau su haɗa hannu su sayi ko da gida uku ne a bana, a biya magada cikakken haƙƙinsu, a gyara gidajen, a mai da su waƙafi.