Masu Saka Kyamara, Ku Rubuta Amanarku

Jama'a, a daina fakewa da "ai ɗan uwana ne". Mai saka kyamarar tsaro aiki ya yi masa yawa, ya tura abokin sana'arsa gidan kwastoma. Wannan ya ja waya, ya saita na'ura, sannan ya bar lambarsa yana raɗa wa maigida cewa aikinsa ya fi araha. Sunan wannan cin amana.

Amma yarjejeniyar baki ce ta ba shi ƙofa. A rubuta: nawa ne kuɗin aiki, wa zai riƙa gyara, wata nawa ba za a nemi kwastoman ba, wa ke riƙe lambar sirri. Wanda ya ha'inci abokin sana'arsa, ta yaya za a nuna masa lungunan gidan mutane?