Gina Tsoka Aikin Watanni Ne: Jan Hankali Ga Matasa Masu Ɗaga Ƙarfe

A lungunan garuruwanmu da bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, sau da yawa mutum kan tarar da samari sun haɗa sandar ƙarfe da gwangwani biyu cike da siminti, suna ta ɗagawa suna nishi. Wannan abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne, yawancinsu bayan mako uku sai su duba madubi, su ga damtse na nan yadda yake, daga nan wasu su watsar, wasu kuwa su nufi wurin mai sayar da magani. Ra'ayina shi ne, duk wanda bai yi wata uku cur yana atisaye ba, bai kai lokacin yanke wa jikinsa hukunci ba.

Bari mu duba dalili. A makonni huɗu zuwa shida na farko, mai ɗaga ƙarfe yakan ji ƙarfinsa ya ƙaru sosai, alhali tsokar ba ta sauya girma ba. Wato a wannan lokaci ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo ne ke koyon aikin: suna koyon tada zarurrukan tsoka da yawa a lokaci guda, da kuma tsara su su ja tare. Masana biyu, Moritani da deVries, sun nuna haka a bincikensu na shekarar 1979. Kumburin da ake gani da an sauke ƙarfe kuwa jini ne da ruwa suka taru, kuma yakan sace cikin ɗan lokaci.

Ginin gaskiya yana tafiya ne a hankali. Duk lokacin da aka wahalar da tsoka da nauyi, jiki kan ƙara saurin ƙera furotin a cikinta har tsawon awa 24 zuwa 48, ta haka zarurrukan ke ƙara kauri kaɗan-kaɗan. Sai an maimaita wannan sau biyu ko uku a mako, na tsawon mako 8 zuwa 12, kafin ido ya fara ganin bambanci. Sauyin da zai sa makwabta su yi magana kuwa yakan ɗauki wata shida zuwa shekara. Bugu da ƙari, ribar shekarar farko ita ce mafi yawa, daga nan sai ta riƙa raguwa. Gado da jinsi da shekaru su ma suna da nasu tasiri, don haka abokai biyu kan yi aiki iri ɗaya su samu sakamako daban.

Abubuwa uku ne ke riƙe da wannan gini. Na farko, ƙara nauyi sannu a hankali, dabarar da likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ya tsara a 1945 don farfaɗo da sojojin da suka ji rauni. Na biyu, abinci. Bincike ya nuna kimanin giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana ya wadatar. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar kusan giram 96. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kamar giram 6, sauran kuma wake da gyaɗa da awara da nono da kifi za su cike. Na uku, barci, domin matashi na bukatar awa 8 zuwa 10.

Wani zai ce, to ai akwai gajeriyar hanya. Gaskiya ne magungunan sitiroyid masu gina tsoka suna hanzarta aikin, amma da tsada mai yawa. Suna lahanta hanta da zuciya, suna rage maniyyi, kuma a jikin yaro mai tasowa suna iya rufe wuraren tsiron ƙashi, tsawonsa ya tsaya tun lokaci bai yi ba. Irin wannan magani ne, mai suna stanozolol, ya sa aka ƙwace lambar zinaren Ben Johnson na Kanada a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988. Su kuwa ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe", masu ɗauke da deksametason a cikinsu kitse da ruwa suke tarawa, tsokar ma zaizaye ta suke yi.

Saboda haka ina kira ga malamanmu, musamman na kimiyya da na wasanni, da su gaya wa ɗalibai wannan lissafi tun ranar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa yin motsa jiki mai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako, don haka hana su ba shi ne mafita ba. A koya musu ɗagawa daidai, da nauyin da suke iya sarrafawa, a gaban babba. Kai kuma ɗalibi, nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga da yawan ɗagawar, ka auna damtsenka da tef ɗin tela sau ɗaya a wata. Littafin zai nuna maka ci gaban da madubi bai fara nunawa ba. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.