Ku daina kiran yaran nan daƙiƙai

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas, Ibadan, Nsukka, Fatakwal da sauran wurare, mun fi kowa sanin zafin a auna mutum da abin da ya rasa. Kafin ka buɗe baki a aji an gama yanke maka hukunci: ɗan kota ne, daga jihar da aka bari a baya a boko. Abin takaici, idan muka koma gida hutu, irin wannan muke yi wa ƙannenmu na sakandare.

Yaro ya faɗi lissafi, sai a ce daƙiƙi. Yarinya ta daina magana ta rame, sai a ce aljanu ne ko taurin kai. Ɗan aji uku yana gyangyaɗi, sai bulala. Ba mai tambayar abin da ke damunsa, balle a tambayi abin da ya iya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan fara ne kafin ko zuwa shekara 14. Ke nan a ajin da ke da yara 70, lissafa da kanka. Mu kuwa maganinmu zagi.

Wannan "daƙiƙin" fa ya haddace izu 30, yana jin yare uku, yana tsare shagon babansa ya ba da canji ba kalkuleta. Waccan yarinyar ita ke raino da girkin gida gaba ɗaya. Malamin kirki daga nan yake farawa: ya ba mai haddar aikin koya wa 'yan aji dabarar riƙe karatu, ya damƙa wa mai shago asusun kulob. Yaron da ya ga ana buƙatarsa yakan samu ƙarfin gwiwa, kuma shi ne zai iya zuwa ya ce, "Malam, ba na iya barci." Wanda kullum ake kunyatawa a asambule shiru zai yi, wani ma ya ƙare a kodin da tiramol.

Za a ce wannan shagwaɓa ce irin ta Turawa. To a Aro ta Abeokuta, tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya riƙa zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka tare da 'yan uwansu, suna harkokinsu ana musu magani. Ɗan Najeriya ne, kuma duniya ta zo ta koya a wajensa. Yabo kuma ba ya maye gurbin likita. Idan ciwo ya yi nisa, akwai asibitin Barnawa a Kaduna, da na Kware, da na Maiduguri. A yi addu'a, a kuma je asibiti.

Da yawanmu makarantu za a tura mu bautar ƙasa ko koyon koyarwa. Don Allah ranar farko kada ka nemi jerin masu laifi. Ka sa kowane yaro ya rubuta abu ɗaya da ya iya. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban jiha kuma, maimakon liyafar ƙarshen shekara kawai, a ware rana ɗaya a je tsohuwar makaranta a saurari yaran nan.

Allah ya shirya mana su, mu ma ya shirye mu.