Martani: Shawara Ba Baƙuwa Ba Ce a Kano

Malam, na ga raddin da ka yi wa kiran da na yi, cewa kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma a layukanmu na Gyadi-Gyadi a daina yanke su a zauren mutum uku, a riƙa tara masu biya kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Ka ce aƙidar Habermas ɗan Jamus na kinkimo zan jibga wa Kanawa. Ai kafin a haifi kakan kakansa ana shawara a garin nan. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar Tara ta Kano, kuma shi Shehu Maghili ya rubuta wa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa ginshiƙan mulki biyar, shawara na ciki, tare da hana mulki ga mai nemansa (wannan na biyun da za a dabbaƙa shi yau, da allunan 'yan takara sun ragu a Titin Zariya). Tushen duk wannan kuwa ka fi ni saninsa. Gabanin Uhudu Annabi (SAW) ya fi son a tsaya cikin Madina, masu son a fita suka rinjaya, aka fita. Ramin Handaƙ ma shawarar Salmanul Farisi ce.

Ka ce Tara ta Kano taron masu rawani ne, babu talaka, babu mace. Nan kam ka faɗi gaskiya, sai dai hujjar tawa ce ba taka ba. Atina da ake yi mana kuri da ita haka take: bayi da mata da baƙi ba su da baki a majalisarta. Aristotil da ya ce taron jama'a na iya fin 'yan tsirarun masana hangen daidai, shi ne dai ya kare bauta. Ko'ina da ƙunci aka faro, mutane suka yi ta turawa har ƙofa ta buɗe. Aikin da NEPU ta ɗauko ke nan a Kano tun 1950, su Malam Aminu Kano suka sha ɗauri da tsangwama don talaka ya ce uffan. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. To bazawarar da ke biyan kuɗin sintiri da ribar ƙosai, sai yaushe za a tambaye ta?

Ka ce taro ɓata lokaci ne. Bi yaron da ke yawo da littafin karɓar kuɗi ka gani. Ya yi sallama, daga bayan labule a ce maigida ba ya nan, alhali ga takalmansa a soro. Kuɗin da ba a ji bakin mutum a kansa ba, da ƙyar yake fita daga aljihu, unguwa kuma ta yi ta kwana a duhu.

Batun wai kansila nake nema a Tarauni, ko katin jam'iyya ba ni da shi. Mai unguwa kuma ubanmu ne, shi nake so ya jagoranci zaman, ranar Asabar bayan La'asar, a karanta abin da aka tara da inda ya tafi, a ware wa mata tabarmarsu.