ZAUREN 'YAN MATA: Ciwon Baya Da Ƙwayar Yaron Kemis

Masu aiko da wasiƙu ina godiya, duk suna isowa, wadda ba ta ga tata ba ta ƙara haƙuri, layi ne. Amma yau dole na tsallake layin, domin akwai wata da na karanta na ji ba zan iya barin ta ta kwana a jaka ba.

Wata 'yar uwa ce, matar aure, shekarunta ba su wuce 21 ba. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta ko unguwarsu, kuma ba zan faɗa ba. Ciwon baya ya kama ta tun tana gida 'yar makaranta, da ta yi aure ta haihu sai ya ƙara ƙarfi, har ta kai in ta duƙa wanki ba ta iya miƙewa sai ta dafa bango. Yaron kemis ɗin layinsu ya ba ta tiramol, ta sha ɗaya ta ji kamar an zare mata ƙaya, ranar har gugar maigida ta yi. Daga ɗaya aka koma biyu, daga biyu aka koma uku, har ta wayi gari in ba ta sha ba sai hamma da mura da zufa, ga faɗa da kowa a gidan. Allah ya taimake ta yayarta ta gane, ta kai ta asibiti, likita ya yi ta rage mata kaɗan-kaɗan har ta rabu da ita. Yau wata huɗu ke nan. To amma bayan yana nan yadda yake, kemis ɗin ma yana nan a bakin layi, duk za ta unguwa sai ta bi ta gabansa. Tambayarta ita ce, ya za ta yi ta zauna da wannan ciwo ba tare da ta koma ba?

Sannu ƙanwata, kuma barka. Wallahi abin da kika yi ba ƙarami ba ne, maza da yawa masu gemu sun kasa. Bari mu fara da sanin ita kanta ƙwayar, don in dare ya yi baya ya matsa, zuciya za ta dinga raya miki cewa ai magani ne kawai.

Tiramol, da kodin ɗin da ke cikin wasu magungunan tari, da allurar nan ta penta, da mofin, duk 'yan gida ɗaya ne, dangin ofiyom ake ce musu. Ba su da abin da suke gyarawa a baya. Ƙwaƙwalwa da laka suke zuwa su rage jin saƙon zafin, su ɗora miki wani ɗan daɗi da nishaɗi a kai, shi ya sa ranar farko har guga kika yi. Matsalar ita ce jiki yana sabawa da su da wuri, abin da ɗaya ta yi miki a watan farko sai uku su kasa a wata na shida. Ga kuma wata yaudara da ba kowa ya sani ba: da ƙarfin ƙwayar ya fara sauka sai jiki ya ɗau ciwo, gaɓoɓi su yi tsami, sai ki ɗauka bayan ne ya tashi, alhali jikin ne ke kukan neman ta. Wasu ma in sun daɗe suna sha sai jijiyoyinsu su ƙara saurin jin zafi fiye da yadda suke da. Ka ji fa, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kada wata ta ce ra'ayina nake faɗa. A Amurka an yi gwaji da mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu, aka raba su gida biyu, wasu aka ba su dangin ofiyom, wasu kuma magungunan da ba su da shi, aka bi su shekara guda cur. Da sakamakon ya fito a 2018, masu shan ofiyom ɗin ba su fi sauran iya harkokinsu ba, zafin ma na waɗancan ya ɗan fi sauka, illar magani kuwa ta fi yawa a wajen masu ofiyom. Sannan a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan ciwon bayan da ya wuce wata uku ba tare da wata cuta a ƙarƙashinsa ba, ta sa dangin ofiyom cikin abubuwan da ta ce kada a riƙa bayarwa. Ita dai hukumar ce ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a duniya. Kin ga ba ke kaɗai ba ce.

A nan gida ma ba ke kaɗai ba ce a maganar ƙwaya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne suka sha irin su tiramol ba bisa ƙa'idar likita ba cikin shekara ɗaya, kuma cikin duk mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Kun tuna a watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake zuba shi a lemo ana sha? Mu dai mun san da yawa cikin matan nan ba 'yan iska ba ne, ba kuma a gidan biki suka fara ba. Ciwo ne ya kai su kemis, kamar yadda ya kai ki.

Abin da na fi so ki riƙe, ƙanwata, shi ne wannan. Jikin da ya saba da uku a rana yanzu ya manta. In tsautsayi ya sa kika koma kika haɗiyi ukun nan da kika saba, jikin ba zai ɗauka kamar da ba. Dangin ofiyom suna rage numfashi, mutum ya kwanta barci ya zarce, tiramol kuma da kanta tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya in ta yi yawa. Wadda aka amince a sayar a ƙasar nan mai miligiram 50 ce da mai 100, amma wadda ake shigowa da ita ta bayan fage har mai 225 akwai, yaron kemis kuwa ba zai tsaya yi miki lissafi ba. Ga goyo a bayanki. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa kan tiramol da kodin, domin suna bi ta nono su sa jariri barcin da ya wuce kima, su taɓa numfashinsa. Don Allah duk ranar da ƙafarki ta so ratsewa ki kalli yaron nan.

To shi bayan fa, a zuba masa ido? A'a. Ki koma wajen likita a kan bayan shi kansa, a duba shi da kyau. Cikin goma wajen tara ba a samun wata muguwar cuta, tsoka ce da jijiya da gaɓoɓi suka gaji. Amma akwai alamun da ba a kwana da su: ƙafa ta saki ko ta mutu, tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko kuma zazzaɓi da zufar dare da rama. Tarin tibi yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani in an gano shi da wuri. Mutanen Kano ga asibitin ƙashi na Dala, sauran garuruwa kuma manyan asibitoci suna da sashen gashin ƙashi. Kada sunan ya ruɗe ki ki ɗauka wuta kawai ake haska wa mutum a can, babban aikinsu koya miki motsin da zai ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, ki dawo gida ki ci gaba da kanki.

Nan ne fa ake rabuwa da mutane. A littattafanmu na soyayya da jaruma ta kwanta ciwo sai ga likita kyakkyawa da farar riga, allura ɗaya ta miƙe, a babi na gaba ya kawo kuɗin gaisuwa. Baya bai san wannan ba. Motsi yake so, kullum, ko kina so ko ba kya so, kuma sai an yi makonni kafin a ga alamar sauƙi. Kwanciyar da iyayenmu ke sa mu yi saboda tausayi ita ke ƙara sandarar da shi. Ki fara da tafiyar minti goma, ko da zagayen tsakar gida ne, ki riƙa ƙarawa a hankali. Ranar da kika ji daɗin jiki kada ki haɗa wankin sati da daka da sharar gida duka ki ce bari in rama, don gobe za ki kasa tashi, kuma irin wannan goben ce ke mayar da mutum kemis. Ranar da ya matsa kuma ki rage, amma kada ki daina gaba ɗaya. Ɗan zafin da ake ji wajen motsi ba ya nufin wani abu ya karye.

Aikin gidanmu ma sai an yi masa dabara. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kusan nauyin yaro ɗan firamare, amma sai ka ga yarinya siririya ta sunkuce ta da hannu ɗaya tana karkacewa. A raba ruwan biyu mana. Bahon wanki a ɗora shi kan benci ko turmi a kife, ko ki zauna a kujera 'yar tsugunno ki jawo shi kusa. Tsintsiyarmu gajera a ɗaura mata sanda, wadda za ta yi dariya ta yi. In za ki ɗauki yaro ki lanƙwasa gwiwa ki rungumo shi jikinki kafin ki miƙe. Ku kuma 'yan makaranta masu wuni a kan bencin da ba shi da majingina, da an fita tara ku tashi ku taka, ku bar zaman gulma a aji. Sallah ma ranar da tsayuwa ta gagara addini ya ba da sauƙin a yi ta a zaune, babu dalilin haɗiyar ƙwaya don a iya ruku'u.

Daren da ya hana barci kuwa, ki tanadi abin yi tun da rana. Ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a ɗora a wurin, ko tawul a ruwan zafi, da man zafi da tausa a hankali. Kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi tana taimakon mutane da yawa. Akwai su ibufurofen da dikulofenak waɗanda ba dangin ofiyom ba ne, ana sha na 'yan kwanaki in ciwon ya tashi, amma su ma ba gyaɗa ba ne, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, mai olsa da mai juna biyu kada su kusance su sai da izinin likita. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne haɗin nan da ake ƙulle wa mutum a leda, ja da fari da kore, babu suna babu kwali. Haka na masu yawo da magani a tire. Wadda ta sha wahalar rabuwa da tiramol tana iya komawa cikinta ta wannan ƙofar ba ta sani ba.

Kuma ki lura da kanki, za ki ga ranar da aka ɓata miki rai ko ba ki yi barci ba, ranar bayan ya fi ciwo. Ba ƙarya kike ba, ba kuma raki ba ne, damuwa da rashin barci suna ƙara ƙarfin zafi da gaske. Sau da yawa a irin wannan ranar ce ake kewar ƙwayar, don ita tana rufe ɓacin ran ma. Ki sami wadda za ki kira, yayar nan taki da ta tsaya miki ta isa. In sha'awar ta taso ki ce wa kanki bari in jira rabin awa, ki tashi ki yi wani abu, yawanci tana sauka da kanta. Hanyar kemis kuwa a canza ta, ko da za a yi zagaye. Ƙawar da ta san halin da kika shiga amma ta buɗe jaka a gidan biki ta ce ungo ɗaya ce kawai, ki gaishe ta daga nesa.

Kada kuma wannan magana ta sa mu zargi kowa. Masu sikila in ciwonsu ya tashi, da masu kansa, da wanda aka yi wa tiyata, suna buƙatar waɗannan magunguna a hannun likita, kuma haƙƙinsu ne a ba su ba tare da harara ba. Ke ma wata rana haihuwa ko aiki na iya kai ki asibiti. Duk likitan da kika zauna gabansa ki gaya masa tun kafin ya ɗau biro cewa kin taɓa sabawa da tiramol, shi ya san yadda zai ɓullo. Wadda kuma take karanta wannan tana cikin sha har yanzu, kada ta yanke rana ɗaya ita kaɗai a ɗaki, ta je a rage mata sannu-sannu kamar yadda aka yi wa wannan 'yar uwa.

Sai maganar maigida, da kika ce bai san komai ba har yau kuma kina tsoron ya sani. Ke kika san halin mijinki, ni daga nesa nake. Amma a ganina gara ya ji daga bakinki, ko ke da yayarki, da ya tsinta a bakin 'yan layi. Ba sai kin zayyana masa komai a zama ɗaya ba. Ki fara da cewa likita ya hana ki wani magani saboda ya yi miki illa, don kada wata rana ya ga kina murƙususu tausayi ya sa shi da kansa ya je ya sayo miki. Daga nan ki nemi ya saya miki ruwa wajen 'yan garuwa, ya kuma bar ki zuwa gashi ranar da aka ba ki.

Ki sake rubuto mini bayan wata biyu in ji ya tafiyar minti goman ta kai. Sauran 'yan uwa masu irin wannan damuwa ku aiko ta adireshin mujalla, a rubuta sunan fili a bayan ambulan, wadda ba ta son a faɗi sunanta ta rubuta haka a saman takarda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Yayarku ta Zauren 'Yan Mata